Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Wata biyu da rasuwar Umma, 'yarta Auta ta ɗauki hutu daga asibitin da take aikin nas, ta zo kwashe kayan ɗakin. Inna, ƙanwar Umma, ita ta buɗe mata ƙofa, mayafi rufe da rabin fuskarta.

"Inna, mura kike yi?"

"Murar gidanku. Shigo."

Da ta juya, mayafin ya zame. Kumatun sun yi jawur kamar an watsa musu ruwan zafi, gefen hanci yana ɓarewa, haɓar ta tsattsage har tana tsatsar ruwa.

"Me kike shafawa?"

"Abin da na saba."

Umma mai haɗa man shafawa ce, shekara talatin tana yi. Ɗakinta na nan yadda ta bar shi: kanta uku cike da kwalabe, ƙaramin sikeli, cokulan roba, da ƙamshin nan na lemun tsami da ya kama labule. Ba ta taɓa rubuta suna a jikin kwalba ba, da murfi take gane su. Fari na fuska, kore na jiki. Shuɗi kuwa a kantar sama yake zama. Shi ne uwar haɗi, wanda ake ɗibar rabin cokali a gauraya da roba guda ta mai. Auta ta sha duka a kansa tana ƙarama.

Yau ga shi a gaban madubi.

"Inna, wannan ba na fuska ba ne. Tsantsarsa ce."

"Farin ya ƙare. Ƙamshinsu ɗaya."

Ina Inna za ta san murfi? Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, Umma ke zaunar da ita kowace safiya, ta shafa mata da hannunta.

Auta ta buɗe kwalbar. A gefe ɗaya akwai sawun yatsu biyu, inda Umma ta lakata ta gwada a wuyan hannunta, kamar yadda takan yi wa kowane sabon haɗi. Sawun bai motsa ba. Daga ɗaya gefen Inna take ɗiba, har ta haƙa rami.

"In na shafa ya fara cizo," in ji Inna, "sai in ji muryar Ummanki nan bayan kunnena. In ya yi zafi aiki yake, ki daina raki. Kullum sai ta faɗa."

Auta ta rufe kwalbar. Ta san muryar. Ita ma ta ji ta tun daga bakin ƙofa.

"Saman fata kamar yaɓen bango ne," ta ce. "Shi ke riƙe laima a ciki, ya tare datti a waje. Kin kankare shi tas. In ƙwayar cuta ta shiga wannan tsagar, tabon ba zai tafi ba."

"To, likita. Yau kuma na zama bango."

"Ba sabulu, ba soso, ba dirza. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki dangwale da tsumma mai laushi, sai basilin tun fuskar da danshi. Rana kuma ki bar mata waje. Sati uku, ƙila shida."

"Basilin! Na gindin jarirai?"

"Shi."

Washegari Auta ta jawo kujerar Umma, ta zaunar da Inna, ta shafa mata da kanta. Kwana uku jan ya fara lafawa. Rana ta huɗu ta tarar da haɓar ta sake tashi, murfin shuɗin kuma a karkace.

Ba ta yi faɗa ba. Ɓoyewa ma ba ta da amfani, kantar cike take da wasu kwalaben. Ta buɗe kwalbar, ta kai ta kusa da taga.

"Duba, Inna. Tsakanin raminki da sawun Umma bai kai faɗin farce ba. Shafa biyu ya rage. Ta uku, ke da kanki za ki goge shi."

Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta karɓa, ta murɗe murfin da ƙarfi, ta miƙo.

"Mayar da ita sama. Ni tsawona bai kai ba."

Sati uku fatar ta haɗe. Ɓarewar ta tsaya, ruwa ya daina yi mata yaji. Inna kuwa ta rage magana. Da safe takan zauna a gaban madubi ido a rufe, kai a ɗan karkace, kamar mai sauraron taku a tsakar gida.

"Ba zafi," ta ce wata safiya.

"Haka ake so."

"Ita ma ta yi shiru."

Auta ta matso kusa da ita. Ta lakaci basilin da yatsu biyu, ta kai kan kumatun. Hannunta da sanyi, Inna ta zabura ta kawar da kai.

"Tsaya mana. Ki daina raki."

Maganar ta fito kafin ta san ta fito, da nauyinta da jan ƙarshenta, irin na Umma sak, ba nata ba. Auta ta tsaya, yatsunta a sama. Ba ta yarda ta kalli madubin ba.

Inna ba ta buɗe ido ba. Ta dawo da fuskar a hankali.

"Ƙara faɗa," ta ce.