Katantanwar da ta ƙi faɗuwa

Maigidana Shitu da amininsa Rabi'u sun haura sittin, amma ran Talata na dawo daga aiki na tarar da su zaune dirshan a falo suna wasan katantanwa. Rabi'u zai koma Kano gaba ɗaya ran Juma'a, sanyin Bronx, inda muke zaune a ƙasar waje, ya cinye masa gwiwa. Wai wasan bankwana ne.

Duk unguwarmu ta Parkchester ba su samu katantanwar kirki ba, sai wata 'yar mitsitsiya ta teku da Kwaku mai shago ya tsinta a buhun busasshen kifi. Ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, fara ce mai ɗigon ja, tsininta kamar ƙaya. Dokarsu tun suna yara ita ce ba mai tashi sai ta faɗi, wanda kuma ya taɓa ta sai ya miƙa bayan hannu a caka masa tsinin.

Shitu ya murza ta. Ta ƙi faɗuwa.

Laraba tana juyi, Alhamis tana juyi. A zaune suke salla, ni ce mai kai buta da tasa, raina a ɓace. Maƙwabciyarmu Abigel, mai karatun halittun ruwa, ta leƙo ta duba ta da kyau.

"Baba, irin wannan a ruwan ɗumi kawai take zama, daga gaɓar Senegal zuwa Angola."

"To me ya hana ta faɗuwa?" in ji Rabi'u.

"Ba mu kai nan a class ba."

Juma'a da hantsi Rabi'u ya dubi agogo, ya shafa gwiwarsa da ta kumbura suntum, ga lokacin jirginsa na matsowa. Ko jirgi goma za su tashi ba zai karya doka ba. Shitu kuwa na san halinsa, kwana uku yana murmushi, so yake jirgin ya tafi ya bar masa abokinsa.

Sai idonsa ya sauka kan gwiwar nan. Ya daɗe yana kallonta. Ya sa tafin hannu ya danne katantanwar.

"Na faɗi. Tashi ka kama flight ɗinka, tsohon banza."

Rabi'u bai raga masa ba, ya caka masa har da jini. Da hannu a naɗe Shitu ya kai shi filin jirgi. Da ya dawo ban iya yi masa tsiya ba, tausayinsa ya kama ni. Ya koma ya zauna a ƙasa inda suka zauna, ya ce kada in share falon tukuna.