Adadin da Sadiyatu Ta Gano

Sadiyatu ta koyi ilmin hisabi a wurin mahaifinta, wani malami da ke zaune kusa da kasuwar Sakkwato. Tare suka yi karatu da ɗan baffanta Illo, amma kowa ya san ta fi shi kai. Da mijinta ya rasu ta dawo gida tana karantar da mata rabon gado.

A takardun mahaifinta ta tsinci zancen adadai masu ƙaunar juna, wato adadai biyu da in ka tattara duk abin da ke raba ɗaya ba saura, ban da shi kansa, sai ya ba ka ɗayan. Misali guda kawai aka kawo, ɗari biyu da ashirin da abokinsa ɗari biyu da tamanin da huɗu. Ta ce ba zai yiwu a ce su kaɗai ne ba. Damina uku tana zane a kan rairayi tana sharewa, har ta dace da dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da shida, abokinsa kuma dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha shida.

A lokacin wani masanin hisabi daga Agadas ya sauka a garin. Ta rubuta adadan biyu a takarda ta ba Illo, ta roƙe shi ya kai wa baƙon ya duba, ya ce daga ɗiyar malam ce. Illo ya yi alkawari.

Bayan kwana biyar Delu mai sayar da fura ta shigo tana murna. Ta ce gari ya ɗauka, Malam Illo ya gano abin mamaki, har baƙon ya yafa masa alkyabba a gaban malamai. Sadiyatu ta tambaya ko an ambaci wani suna. Delu ta ce babu.

Ba ta yi kuka ba. Abinci ne dai ya ƙi shiga.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Illo a zaure. Ashe baƙon ya nemi ya nuna masa hanyar da ya bi, shi kuwa bai san ta ba. Bai ba ta haƙuri ba, ya ce ai sunan gida ɗaya ne.

“Yaya, ni na aike ka,” in ji ta. “Da ka ce mini kunyar faɗin sunana kake ji, da na riƙe takardata.”

Ya yi ta lallashi har azahar ta nuna masa hanyar, ta ƙi. Da Illo ya kasa bayani, baƙon ya yanke cewa daga wani tsohon littafi aka kwafo, ya koma Agadas da wannan zato. Babu wanda ya je ya gyara masa.

Sadiyatu ta ci gaba da gaida Illo ranar Sallah, tana aika wa iyalinsa tuwo. Amma har ta tsufa ba ta sake yin zancen hisabi da shi ba.