Gyaɗar Datti

Sunana Kadijatu, a Balan nake ta ƙasar Gaya. Aji uku na yi a firamare, don haka rubutuna ba mai kyau ba ne, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

Mijina Datti ya rasu bayan kaka, ana tsakiyar ɓarar gyaɗa. Ya bar mini 'ya'ya huɗu da rumbu ɗaya na iri. Irin nan shekara goma sha tara yana tsince shi. Shekarar da cutar kuturta ta nannaɗe ganyen gyaɗa a garinmu, ya ga wasu tsirarun saiwoyi a gefen gonarsa sun tsaya kore. Ya tone su daban, ya adana a tulu da toka. Kowace shekara sai ya sake zaɓa, har ta zama gyaɗar da cutar ba ta kayar da ita. Duk wanda ya roƙa yana ba shi, bai taɓa hana kowa ba.

Ina da kwana ashirin a takaba masu talabijin suka zo daga Kano, wani malamin gona ne ya ba su labari. Suka aiko cewa in fito bakin rumbu inda akwai haske, in ɗan sa kaya masu kyau. Na ce a gaya musu mai takaba ba ta ado, kuma ba zan tsaya a nuna ni ga duniya ba. Na ce su dawo bayan wata huɗu. Suka ce labarin gobe zai fita, kuma ana jiransu a Ajingi kafin azahar.

Sai Hansai ta ce bari ta tsaya mini. Maƙwabciyata ce, tare muka yi tallan ƙuli muna yara, kuma ta sha taya mu ɓara. Ta shiga gida ta fito da shuɗin leshi. Ta tagar ɗakina na ga tana ɗibar gyaɗar Datti da hannu biyu tana zubarwa a faifai, ana ce mata ta sake. Sau huɗu ta sake. Ko ruwan da na aika musu ba su tsaya sun sha ba.

Bayan kwana biyu Hajara, ƙanwar Datti, ta kawo mini labarin a wayarta. Minti biyu ne. Ga rumbunmu, ga faifaina, ga Hansai tana murmushi. Mai karanta labarin ya ce wata mata a Gaya ta ceto manoman gyaɗa. Na sa Hajara ta maimaita har sau uku ina jiran sunan Datti. Babu.

Kafin mako ya zagayo, a kasuwar Ajingi an raɗa wa irin suna 'yar Hansai. Mata suna shigowa yi mini gaisuwa, kafin su gama addu'a sun koma zancen yadda leshin ya karɓe ta. Aka kira ta taron mata a Gaya, aka zaunar da ita a kujerar gaba. Ina ɗaki da carbi a hannu, ina jiyo dariyarta ta katanga, sai in manta inda na tsaya. Ta shigo sau biyu, na juya fuska bango na ce kaina ke ciwo.

A wata na uku wata yarinya mai suna Afra'u ta yi sallama, ta ce daga wata mujalla take. Na ce ta tafi gidan mai leshi. Ta ce ta je, Hansai ce ma ta turo ta nan, don da ta tambaye ta shekarar da aka fara irin, ta ce sai ni. Ta cire takalmi ta zauna a tabarmata tun hantsi har la'asar. Ta tambayi yadda yake gane saiwa mai kyau, da irin tokar da yake zubawa. Da na yi kuka ta ajiye biro ta jira. Ta je ta tambayi manoma biyar, ta dawo ta karanta mini abin da ta rubuta, na gyara mata wuri biyu. Ba ta ɗauke ni hoto ba, ta ɗauki hoton tulun da fartanyarsa.

Mujallar ta fito bayan na fita takaba. Direban motar Kano ya kawo mini guda ɗaya. Shafi huɗu ne, sunan Datti a sama da manyan baƙaƙe. Kwana uku na yi ina haɗa baƙaƙen da yatsa kafin na karance shi. Komai daidai ne. Amma a Balan kaf wannan ɗayar ce, wadda ke ƙarƙashin matashina. Na Hansai kuwa yana wayar kowa.

Da damina ta matso mutane suka fara tururuwa gidan Hansai neman iri, ita kuma ba ta da ko tiya ɗaya. Na rufe rumbu. Na ce a raina bari 'yar Hansai ta fito daga rumbun Hansai.

Ranar da aka yi ruwan farko Hansai ta shigo, ba leshi, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Kadijatu, wallahi sau uku na faɗi sunansa. Su suka yanke.”

“Da suka yanke, a taron Gaya ma yankewa aka yi?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce daɗin kujerar ne ya ɗebe ta, ta yi niyyar faɗa, aka yi tafi, ta zauna. Ta ce akwai mutum tara a zaurenta, wasu daga Ajingi, kuma ƙasa ta jiƙa.

Na san idan irin ya wuce damina a rumbu, ƙwari ne za su gaje shi, shekara sha tara ta tafi. Na ɗauko mujallar na miƙa mata. Na ce ta kawo su ƙofar gidana, ta buɗe shafin da hannunta, ta gaya musu mai irin da bakinta. Ta yi. Kowa ya yi wa Datti addu'a kafin na auna masa. Haka muka yi har rumbu ya kusa ƙarewa.

A cikin masu karɓar irin akwai wani dattijo daga Ringim da ya zo da tasa mujallar a naɗe cikin aljihu. Shi bai bi ta gidan Hansai ba. Tun daga tasha gidan Datti yake tambaya.

A kasuwa har yau 'yar Hansai ake cewa, mutum tara da dattijo ɗaya ba su isa su sauya bakin kasuwa ba. Muna gaisawa da ita, ina aika mata tuwo idan ba ta da lafiya. Amma ran da ta shanya shuɗin leshin nan a igiya, ba na fitowa tsakar gida sai ta kwashe.