Ranar da Mai Wuta Ya Buɗe Obin

Shekara ashirin da shida ina ciyar da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Maigidana yana aiki a masana'antar tangaran, inda ake yin faranti da kofuna, kuma shi ne mai kula da tanderun da ake gasa su. A can Mai Wuta suke ce masa. Su goma sha biyu ne a sashensu, sai suka raba watannin shekara a tsakaninsu. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, wanda watansa ya kama shi zai kawo abin shan shayi. Wasu biskit suke saya, wasu kek ɗin kanti mai kyan ido babu ɗanɗano. Watan Mai Wuta kuwa kek ɗin lemu ne na hannuna, gwangwani biyu manya. Ban taɓa fashi ba, ko shekarar da na haifi autarmu sai da na gasa.

Ba yabon kai ba, kek ɗina ya yi suna. Da yamma yakan dawo da gwangwanayen a wanke, ya zauna ya ba ni labari. Dogo ya ci yanka uku. Mai Zane, wadda ke zana furanni a jikin faranti, ta naɗe nata za ta kai wa jikarta. Manaja, da ba ɗan sashen ba, ya wuce sau biyu kamar wani abu yake nema. Ni kuma in taɓe baki in ce, "To su ci mana, ai don ci aka yi," alhali raina fari ƙal.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe, zai ajiye aiki. Kuma bana ce na zame a banɗaki, saura kwana goma sha biyu Alhamis ɗinsa. Hannun dama ya karye, ƙugu ya bugu. Aka ɗaure hannun, likita ya ce in kwanta kada in kuskura in taka ƙasa sai ta kama dole. Na yi kuka a ranar, amma ba don zafin karaya ba. Tunanin da ya tsaya min shi ne a ce watansa na ƙarshe ya zo, teburin nan babu kek ɗina.

Babbar 'yarmu ta bugo waya. "Mama, don Allah ki kwantar da hankalinki. Akwai wani kanti mai kyau, zan sa su kai har masana'antar."

"Kanti? Ni za ki kai wa abokan aikin babanki kek ɗin kanti da sunana?"

"Haba Mama, wa zai gane?"

"Dogo zai gane tun daga bakin ƙofa," na ce, na kashe wayar.

Ashe maigidan yana tsaye yana jinmu. Ya gyara murya ya ce, "Ni zan gasa."

Na yi dariya har ƙugun ya amsa. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa soyawa ba a gidan nan!

"Shekara talatin da ɗaya ina gashi," in ji shi, fuska a ɗaure.

"Faranti kake gasawa, Baban yara."

"Wuta dai wuta ce."

Ya ɗauko littafin da yake rubuta zafin tanderu, ya jawo kujera kusa da gado, na shiga faɗa yana rubutawa. Fulawa kofi uku, da kofin nan mai karyayyen mariƙi, ba wani ba. Ƙwai shida. Bota da sukari a buga su har su yi fari. Ɓawon lemu biyu a goga, banda farin ciki don yana ɗaci, sannan ruwan lemu ɗaya. Wuta a lamba huɗu, minti arba'in da biyar.

"Lamba huɗu digiri nawa ke nan?"

"Lamba huɗu lamba huɗu ce."

Bai gamsu ba. Washegari sai ga shi da ma'aunin zafi da ya aro daga wurin aiki, ya yini yana gwada obin ɗina na gasa kek yana rubutu, kamar wanda zai ba shi takardar shaida.

Ranar Asabar da hantsi ya yi gwajin farko. Daga ɗaki ina jin muciya tana bugun kwano, kuma bugun ya yi min daidai. Ƙamshi ya taso, shi ma daidai, har na ce a raina ashe mutumin nan zai fitar da ni kunya. Maganin da nake sha ya sa ni barci. Na farka ya shigo da kek a kife a kan faranti, yana tafiya a hankali. Ya ajiye, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kasa kunne, yadda yake yi wa kowane kofi a gidan nan. Wuƙa ta shiga da ƙyar. Na gutsura, na tauna, na ci gaba da taunawa.

"Yaya?" ya tambaya.

"Ya gasu," na ce. Ban yi ƙarya ba, ya gasu har ya wuce.

Na ɗora laifin a kan fulawa, ya sayo sabuwa. Na biyu ya fi na farko tauri. Na ce to bugun bota ne bai kai ba, ya buga har sai da kafaɗarsa ta riƙe. Na uku kam, kajin maƙwabciyarmu ma sai da aka jiƙa musu da ruwa. Na bi littafinsa layi layi, babu kuskure ko ɗaya. Abin ya ɗaure min kai, shi kuma ya daina magana a gidan. Na san shi, bai saba fitar da abu daga wuta ya lalace ba, kuma abin yana cinsa.

Ranar Laraba, gobe Alhamis ɗin, na ce ko da jan ciki sai na je kicin. Ya tallabe ni, ya zaunar da ni a kujera mai hannu kusa da taga, ya sa min matashi a baya. Na zuba masa ido daga farko. Wallahi ya fi ni tsafta a aiki. Ya tankaɗe fulawa sau biyu, ya fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a wani ƙaramin kofi kafin ya zuba, ya goga ɓawon lemu bai taɓa farin ba. Ya raba ƙullun a gwangwani biyu, ya daidaita samansu da bayan cokali, ya saka, ya rufe, ya duba agogo. Kicin ya cika da ƙamshi. Minti arba'in da biyar cif ya tashi ya kashe wuta. Sai ya jawo kujerarsa, ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Me kake jira?"

"Ya huce mana."

"Me zai huce?"

"Obin ɗin. Zuwa la'asar sai in buɗe."

Na yi salati. "Baban yara! Dama haka kake yi?"

"To ana buɗe ƙofa da zafinta ne? Iska ta buge shi ya tarwatse? Na farko awa biyu na ba shi, na ga ya tsage a sama, na ce gaggawa na yi. Na biyu na ba shi uku. Na uku huɗu."

Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na tuna labarin da ya ba ni tun muna sabon aure. Shekararsa ta farko a masana'anta, direban motar kaya ya matsa masa lamba, ya buɗe ƙofar tanderu faɗin tafin hannu kawai, alhali bai gama hucewa ba. Faranti ɗari huɗu ne a ciki. Yana tsaye yana jin ƙarar tsagewarsu ɗaya bayan ɗaya. Sai tsohon da ke koya masa aiki ya sa shi ya fito da su da hannunsa, ya jera su a ƙasa, ya kalle su. Tun ranar bai sake ba. Duk wanda ya shigo sashen, wannan ce dokar farko da yake koya masa. Akwai ranar da manaja da kansa ya ce a buɗe, ya tsaya a gaban ƙofar awa biyu bai gusa ba.

Amma kek yana ciki yana bushewa, kuma babu sauran ranar gwaji.

"Tashi ka buɗe."

"Bari dai ya ɗan..."

"Wannan ba yumɓu ba ne. Duk mintin da ya ƙara a ciki, ruwan jikinsa yake shanyewa. Tashi!"

Ya tashi, ya naɗe tsumma a hannu, ya kama mariƙin ƙofar. Nan ya tsaya. Ya kasa jan ƙofar. Fushina ya tafi, tausayinsa ya kama ni.

"Kalle ni," na ce a hankali. "Shekara nawa ina buɗe ƙofar nan da zafinta? Ka taɓa jin ƙarar wani abu? Tanderunka naka ne, ban taɓa sa maka baki ba. Wannan nawa ne. In ya lalace, a kaina."

Ya runtse ido, ya ja ƙofar. Hucin ya bugi fuskarsa, ya tsaya yana kasa kunne. Babu abin da ya yi ƙara sai agogon bango. Ya fito da gwangwanayen, na ce ya soka tsinke a tsakiya, tsinken ya fito tas. Na danna saman da yatsan hagu, ya lotsa ya dawo.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ya tsage. Duka biyun."

"Kek ɗina kullum da tsagarsa a sama. Ta nan ake gane ya tashi da kyau. Shekara ashirin da shida kana ɗauka, ba ka taɓa lura ba?"

Ya sosa ƙeya. "Na lura mana. Na ɗauka kuskure ne. Shi ya sa nake kifa shi a faranti kafin in kai tebur, don in rufa miki asiri."

Ban san lokacin da dariya da hawaye suka zo min tare ba. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana ɓoye wa mutane mafi kyawun wuri a kek ɗina, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗa min ba don kada raina ya ɓaci.

Da safe ya ce in shirya, tare za mu. Na ce da wannan ƙugun? Ya ce ya riga ya kira mota. Haka na shiga masana'antar a karon farko, ina dogara sanda, shi yana rungume da gwangwani biyu. Ɗaki ne mai tsawo, farar ƙura a kan komai, kantoci cike da kofunan da ba a gasa ba, can ƙarshe ga ƙofar tanderu ta ƙarfe, ta fi ƙofar gidanmu girma. A gefe aka shimfiɗa leda a kan teburin aiki, aka jera kofunan shayi, kowanne da ɗan aibin da ya hana a sayar da shi.

Suka taso gaba ɗaya. "Sannu Mama! Ya jiki? Yau dai mun ga mai kek!" Wani gajeren mutum mai tumbi ya rusuna ya gaishe ni, aka ce min wai shi ne Dogo. Mai Zane, dattijuwa mai fenti a farce, ta kama hannuna na hagu ta zaunar da ni a tsakiya. Ta jawo wani faffaɗan faranti daga ƙarƙashin tebur, an zana rassan lemu a gefensa.

"Naki ne," ta ce. "Mun daɗe da auna faɗin gwangwaninki."

Maigidan ya fitar da kek ɗin, ya ɗora a kai. Na ga ya kai hannu zai kifa shi, sai ya fasa, ya bar tsagar tana kallon sama. Aka yanka, aka raba. Dogo ya kai baki, ya lumshe ido.

"Kai! Hannun Mama bai canza ba, ko da karaya."

Na kalli maigidan. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayi, ya ce, "Ai ita ce dai." Zai bar min yabon ke nan, yadda ya saba. Ni kuwa na buga sandata a ƙasa.

"Ba ni na gasa ba. Ga wanda ya gasa nan, tun daga tankaɗe har fitarwa. Kuma ku ji da kyau, da zafinta ya buɗe ƙofar."

Dogo ya ajiye yankan da ke hannunsa. Mai Zane ta dafe ƙirji.

"Mai Wuta? Da zafi?"

"Yana kashe wuta, ya buɗe," na ce. Mintunan da muka ɓata muna ja-in-ja ban ga dalilin faɗa musu ba.

Wani ya fara buga cokali a jikin kofi, sauran suka ɗauka, har manaja ya leƙo ya ga abin da ke faruwa, aka ba shi nasa yankan ba tare da ya yi kamar yana neman wani abu ba. Maigidan yana ta cewa, "Ku bari mana, za ku fasa kofunan," amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ni kaɗai na ga yadda ya tsaya riƙe da ƙofar obin jiya, su kuma sun fi kowa sanin abin da ya tsayar da shi. Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ya yanko min daga tsakiya, daidai kan tsagar, ya ajiye a gabana. Shi ne karo na farko da na ci kek ɗin a teburin da aka yi shekara ashirin da shida ana cinsa. Ya yi laushi, lemun ya fito. Dogo ya ci yanka huɗu.