Layi Ɗaya a Cikin Uwa

Manhajar lif suke rubutawa a ofishin, mai hawa da mutane bene. Ƙofa da foldarta, birki da tasa, maɓallai da tasu. Kowace folda tana da ɗan guntun makefile, wanda aikinsa kawai ya jero fayilolinsa ya kira babban samfurin da kowa ke amfani da shi. Ma'aikata suna ce wa samfurin Uwa. Dogo ne ke riƙe da ita, shi ne kuma ya kafa mata dokar da kowa ke tsine wa: gargaɗi ko ɗaya ya fito, harhaɗa manhajar ta tsaya.

Ranar da za a miƙa aiki, foldar maɓallai ta ƙi wucewa. Ta Auta ce, ƙanin Dogo, kuma Dogon ne ya yi masa hanyar aikin.

Oga ya zo ya dafa kujerar Dogo, ya ce a sassauta dokar a cikin Uwa, yau kaɗai. In kuwa aka kasa miƙawa, mai foldar ya nemi wani wurin.

Dogo ya daɗe yana kallon allon. Ya san in ya sassauta wa maɓallai, ya sassauta wa birki ke nan, don nono ɗaya suke sha. Ya kuma san "yau kaɗai" ba ta taɓa komawa gida.

Auta ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, layi ɗaya ne fa. Me za ka gaya wa Inna?"

"Zan ce mata ɗanta ya iya gyara kuskurensa."

Dogo ya tura wa Oga madannin kwamfutar, ya ce ga fayil nan a buɗe, in dole ne ya rubuta da hannunsa, sunansa ya hau kan canjin. Mai foldar birki ta ce daga teburinta, "Ranka ya daɗe, in ka rubuta, mu dai matakala za mu riƙa bi."

Ba wanda ya yi dariya. Oga ya kalli madannin kamar an miƙa masa garwashi, ya ce zuwa tashi aiki yana son sakamako, ko wani ya kwashe kayansa, kuma ba lallai Auta kaɗai ba.

Dogo ya ja kujerarsa zuwa teburin ƙaninsa. Auta ko kallonsa bai yi ba.

"Fushin ka ajiye shi sai mun je gida," in ji Dogo. "Buɗe gargaɗin farko."