Farar Rigar Dogo

Farfesa ta cire tabarau ta zuba wa Auta ido.

"Sake faɗa in ji."

"Janyewa zan yi, ranki ya daɗe. An ɗauke ni aiki a banki. Shi ne na ce ko za a bai wa mai biye da ni gurbin."

"Dogo kake nufi? An rufe rajista tun makon jiya. Haka kujerar nan za ta zauna babu kowa." Ta mayar da tabarau. "Da ma ba kai na zaɓa ba. Kawunka ne ya dami shugaban sashe da waya, har aka sauke yaron aka ɗora ka. Ja mini ƙofa."

* * *

Auta bai taɓa sha'awar digiri na biyu ba. Su dai gidansu ba a ganin abu a bar shi ya wuce, ko ba a buƙatarsa. "Karɓi ka ajiye kafin aiki ya fito," in ji kawu. Ya karɓa ya ajiye, kamar mai ɗora jaka a kujerar mota ya tafi yawonsa.

Abokinsa Dogo kuwa, tun suna ajin farko a ɗakin gwaje-gwaje yake yini, har mantawa yake da abinci. Kai gare shi, kawu mai waya ne babu. Ranar da sunaye suka fito ba nasa, har gida ya zo da farar rigarsa ta ɗakin gwaji a leda.

"Riƙe, gajere. Kada ka je ka ba mu kunya."

Da Auta ya gwada, sai ta haɗiye shi, suka yi ta dariya. Daga baya mahaifiyar Dogo ce ta hau keken ɗinkinta ta rage hannuwan, tana yi tana sa masa albarka. Duk lokacin nan Auta ya san wayar da aka buga, bai ce uffan ba.

* * *

Da ya baro ofishin Farfesa, Auta ya tarar da Dogo a rumfar gyaran waya, ya duƙufa a kan wata mai fasasshen gilashi. Auta ya ajiye ledar rigar a gefen tebur, kunya na cin sa.

"Har ta yi datti? Ni ba wanki nake ba."

"Na janye, Dogo."

Dogo ya ajiye sukudireba a hankali. "To gurbin fa?"

"An rufe."

Auta ya buɗe baki zai ambaci kawu, sai ya fasa.

"Allah ya sanya alheri a bankin," in ji Dogo.

Ya zaro rigar ya karkaɗe, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan. Ya miƙa su gaba yana dubawa. Hannuwan rigar sun tsaya can sama da wuyan hannunsa, ɗinkin mahaifiyarsa tsaf a bakin kowanne.