Saniyar Shafi Na Ƙarshe

Saƙon ya shigo wayar Malam Abdulgani ran Lahadi da hantsi. Wani kamfanin ɗab'i a Kaduna ya karɓi littafinsa na yara, amma a tura zane-zanen kafin Alhamis, in ba haka ba sai baɗi. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a Gwandu, yana rubuta littattafan da gara kaɗai ta san daɗinsu. Ya kira Rahmatu a Kalgo yana ihu kamar wanda ya ci kujerar Makka.

Rahmatu ce ta zana littafin. Da lallen amare ta fara, ta koma allunan shaguna, har da kifin nan na jikin wani gidan abinci da mutane ke rantsuwa yana hararar su. Yau sunanta zai hau bangon littafi. Ta yi guɗa a waya, sannan ta kafe sai an gwada shi a gaban yara tukuna.

Labarin ba wuya. Saniyar wani yaro Umaru ta ɓace, ya yi kwana uku yana nema, ya same ta, ya koro ta gida.

Ran Litinin suka je wata firamare kusa da Dalijan, inda yawancin ɗaliban 'ya'yan makiyaya ne. Malam ya karanta da muryar da yake ajiye wa masu duba makarantu, Rahmatu tana ɗaga zane. Yara suka hau benci. Da Umaru ya faɗa rafi suka yi kururuwa, da kura ta leƙo wata yarinya ta rufe ido. Malam har ya fara tsara jawabin karɓar lambar yabo a ransa.

Aka ɗaga shafi na ƙarshe. Yara suka ƙura wa saniyar ido.

Zahra'u, 'yar aji uku, ta ɗaga hannu.

"Malam, yaushe za a kama shi?"

"A kama wa?"

"Umaru mana. Wagga ai ba saniyassu ta ba."

Sai aji ya ɓarke.

"Ta farkon ƙahonta na hagu kwance yake!"

"Wagga tsaga biyu gare ta a kunne!"

"Ta bakin rafi ma tsohuwa ce, dubi tozonta!"

Kafin a tsawatar, yara sun gama lissafi. Shanu huɗu na mutane huɗu Umaru ya bi ta kansu a shafi goma sha biyu. Wani ya ce a garinsu da tuni an kai shi gaban ardo.

Rahmatu ta san inda gizo ke saƙar. Hotuna ta ɗauko da waya a kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, duk wadda ta tsaya da kyau ta ɗauka. Duk farare ne, ita kuwa a wurinta farar saniya farar saniya ce.

A ƙarƙashin dalbejiya Malam ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, wa zai lura a Kaduna? Fara ce, ƙafa huɗu, wutsiya ɗaya."

"Yaya Malam, mutanen Kaduna za su karanta ko waɗannan? Ka rubuta yaro mai amana, na mai da shi ɓarawon shanu, kuma sunana a bango."

"Alhamis fa!"

"Na ji. Ke Zahra'u, rugarku da nisa?"

Baban Zahra'u ya saurari bayani, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya nuna mata wata saniya mai baƙin tabo a goshi. Rahmatu ta bi saniyar nan kwana biyu da takarda da fensir, ta gaba, ta baya, a tsaye, a kwance. Saniyar ba ta san da wata Alhamis ba, don haka duk sanda aka zo ƙaho sai ta juya gindi. Malam yana kira kowace sa'a yana tambayar shafi nawa, har ta kashe wayar.

Ran Laraba da azahar suka koma ajin, yatsun Rahmatu duk sun yi baƙi. Ta shimfiɗa shafukan a kan benci. Yara suka yi dafifi, suna duba kunne da ƙaho kamar dillalai. Zahra'u ta ɗauki na farko da na ƙarshe ta haɗa, ta daɗe tana kallo.

"Ita ta," in ji Zahra'u. "Amma ta rame."

"Kwana uku a daji, ke ba za ki rame ba?" in ji Rahmatu.

Zahra'u ta yi nazari, ta gyaɗa kai. Aji ya ɗauki sowa, ana buga benci ana kiran sunan Umaru, wanda aka wanke daga zargi.

Malam Abdulgani ya ruga kan wani tudu neman sabis ɗin waya don ya tura zane-zanen, babbar riga tana tashi, yana shaida wa duk wanda ya gamu da shi cewa dama shi tun farko saniyar nan ba ta kwanta masa a rai ba.